Shekarar da Injuna Suka Fara Gadin Kansu

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin sunan Isiyaka Ɗan Gwanja a gidan nan daga baki biyu. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, takan ambace shi duk ranar da ta dafa wake da shinkafa da karan dafi, ta ce shi ya koya mata. Kakarku Inna kuwa, har ta koma ga Mahaliccinta, in ana zancen mutumin da aka riƙa hannu biyu ya tafi bai waiwayo ba, da shi take ba da misali. Na Inna kuka ɗauka, don ya fi sauƙin maimaitawa. Ni kuma ina zaune ina jin ku, ban taɓa gyara muku ba. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara ja baya, na ga bai kamata in tafi in bar mutumin nan da wannan suna a bakin jikokina ba.

Lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, babu abin da gwamnati ba ta sayo ba. Cikin abubuwan da aka sayo har da manyan kwamfutoci guda uku da aka girka a wani ofishin raya karkara da ke Sama Road, inda na sami aiki ina saurayi. Kada ku kwatanta su da wanda kuke ɗorawa a cinya. Kowace ɗaya ta kai tsawon mutum, ta fi firji faɗi, kuma ita ke riƙe da bayanan da ƙananan allunan sauran ofisoshi ke nema ta waya. Irin su ne yau kuke ce wa saba. A cikinsu ake ajiye labarin kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa ko ake shirin haƙawa, zurfin ruwan kowane gari, ruwan saman da ake aunawa a ƙauyuka, da irin shinkafar da ake raba wa manoman fadama. Turawan da suka girka su sun tafi da kwangilarsu ta ƙare. Mutum ɗaya suka bari da ya san cikinsu, shi ne Malam Isiyaka, wanda aka ɗauko daga Kumasi. Ya girme ni da kusan shekara goma. Dogo ne, siriri, yana da wata al'ada ta cire tabarau ya goge shi da gefen riga kafin ya ba da amsar kowace tambaya, ko da kuwa gaisuwa ce. Shi ya raɗa wa injunan suna, ya ce ba zai yi ta kiran lamba kamar a gidan yari ba: Rima, Zamfara da Bunsuru. Rima ce babba, ita ke ɗauke da rijiyoyi.

Har yau in na rufe ido ina jin ɗakin nan. Kana fitowa daga zafin Sakkwato wanda ke dafa tafin ƙafa ta cikin takalmi, ka tura ƙofar ƙarfe, sai sanyi ya dake ka a fuska, ga wani gurnani mara yankewa kamar na ƙudan zuma a cikin kuka. Takalmi ake cirewa a bakin ƙofa kamar masallaci. Mu huɗu ne masu duba injunan, muna karɓa-karɓa. Aikinmu shi ne duk awa ɗaya mutum ya tashi ya karanta ma'aunin zafi da ke jikin bango, ya zauna gaban allon kowane inji ya buga umarni ya ga ko ayyukan da ya kamata su kasance suna gudana suna nan da rai, ya duba sauran wuri nawa ya rage a faifai, sannan ya rubuta duka a wani ƙaton littafi mai jan bango. Abin da ya ƙara wahalar shi ne kowane inji da tsarinsa, don kowane Bature ya saita nasa yadda ya ga dama. Abin da ka buga wa Rima ta amsa, in ka buga wa Bunsuru sai ta yi maka shiru.

Yadda Isiyaka ya shigo gidanmu na Tudun Wada kuwa, zazzaɓi ne ya kawo shi. Ya kwana uku bai zo aiki ba, na bi shi masaukin da aka ba shi na tarar da shi kwance shi kaɗai, ko ruwa babu a randa. Na goya shi a Vespa na kawo shi gida da nufin ya kwana biyu ya farfaɗo. Da ya ɗan ji ƙarfi, ya fito tsakar gida ya durƙusa ya gaida Inna da Hausarsu ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Ya juyo ya ce mini Inna ya yi masa alheri, Allah ya saka masa.

Inna ta ajiye muciya ta dube shi. "Wanga bawan Allah, yaushe na koma namiji ban sani ba?"

Mahaifiyarku ta shige ɗaki tana dariya da ke Asma'u a baya, lokacin ko zama ba ki fara ba. Shi ma ya yi dariyar, ya goge tabarau, sannan ya ce a yi masa uzuri, Hausar ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso bakinsa. Kakansa ɗan Sakkwato ne, fataken goro, ya bi ayari zuwa Gwanja bai dawo ba. Inna 'yar fatake ce ita ma, mahaifinta ya yi safarar tufafi har Ilori. Tana jin haka ta gyara zama ta shiga tambayarsa sunan kakan, da sunan unguwa, da tsagar da ke fuskarsa. Abin da ya sani kaɗan ne. Amma ta sa na zagaya da shi wajen tsofaffin 'yan goro a kasuwa Asabar uku a jere. Wani tsoho ya ce ya taɓa jin sunan, wani ya nuna mana wani kango da ya ce watakila nan ne. Ba mu sami tabbas ba. Da muka dawo muka faɗa mata, ba ta damu ba.

"Ko an gane gidan ko ba a gane ba, wanga ba baƙo ba na," in ji ta. "Ɗan gida na da yad daɗe bisa hanya. A share mashi ɗakin zaure."

Shekara biyu da wani abu ya yi a ɗakin nan. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "kai" ko "wancan." Shi kuwa Isiyaka da baki cike take kiransa, ta aike shi, ta yi masa faɗa in ya bar fura ta yi tsami. Da la'asar sakaliya in mun dawo aiki, mukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, shi yana ba ta labarin dajin Asante inda rana ba ta taɓa ƙasa, ita tana gyara masa Hausa, mahaifiyarku tana tsintar wake tana sa baki daga nesa. Ban san ina cikin mafi daɗin kwanakina ba sai da suka wuce.

Abin da ya sauya aikinmu ya faru ne wata Juma'a. Aikin da ke karɓar awon ruwan sama a cikin Zamfara ya tsaya cak muna masallaci. Wanda ke kan duba ya dawo ya cika littafi da "lafiya, lafiya" bai ko zauna gaban allo ba, na bayansa ya ga an rubuta lafiya shi ma ya bi sahu. Sai ranar Litinin aka gane. Darakta ya yi ta faɗa, ya ce a hukunta su. Isiyaka ya ɗauki jan littafin ya juya shafuka ya ajiye.

"Ba laifin su ne ba duka," ya ce mini da muka rage mu biyu. "Ka sa ɗan Adam ya tambayi inji tambaya guda sau ashirin da huɗu kullum, wata rana zai amsa wa kansa. Inji ba ya gajiya da tambaya. Bari mu sa shi ya tambayi kansa."

Duk kakar shekarar, bayan ɗaukewar ruwa, a kan wannan muka ƙare ta. Da fari ya sa muka zauna muka rubuta, a fayil guda ɗaya, yadda ya kamata kowane inji ya kasance: waɗanne ayyuka ne dole su kasance da rai a cikinsa, ina kowane abu yake zama, wa ke da izinin taɓa me, zafi nawa ne ya yi yawa, faifai ya cika zuwa ina kafin a damu. Wannan fayil ya kira shi Uwar Tsari, ya ajiye shi a Rima. Sannan ya rubuta wani ɗan shiri da ke ɗaukar Uwar Tsari ya bi waya ya kai wa sauran biyun, ya gwada abin da ke rubuce da abin da ya tarar, duk inda suka saɓa ya mayar da injin kan abin da ke rubuce. Daga ranar, in kana son canza wani abu, ba ka bin injuna ɗaya bayan ɗaya. Wuri guda za ka gyara, su uku su bi. Na ƙarshe shi ne Mai Gadi. Shi wannan duk minti biyar yake farkawa a cikin kowane inji ya zagaya: aikin da ya tarar ya mutu ya tashe shi, ya auna zafi da cikar faifai da nauyin da injin ke ɗauke da shi da yawan kurakuran karatu, ya rubuta ya aika wa Rima. In abu ya fi ƙarfinsa sai ya kaɗa wata tsohuwar ƙararrawar lantarki da muka ɗaura a baranda. Kowace safiya kuma firinta ta fitar da takarda ɗaya mai ɗauke da awon jiya gaba ɗaya, a can ƙasa da layi guda da ke cewa lafiya ko ba lafiya ba.

Bai ɓoye mini ko harafi ba. Yakan sa ni in buga da hannuna, shi yana tsaye a bayana, in na yi kuskure ya bar ni sai na gano da kaina. Na taɓa ce masa, cikin raha, wasu injiniyoyin ba sa koya wa na ƙasa da su komai don kada a daina bukatarsu.

"Na san su," in ji shi. "Amma inji da mutum guda kaɗai ya sani, ba na ofis ne ba, na mutumin ne. In na faɗi na mutu gobe fa, Umaru? Rijiyoyin mutane su bi ni kabari?"

Ranar gwaji ya tara mu huɗun, ya zauna gaban Zamfara ya kashe aikin ruwan sama da gangan. Muka tsaya muna kallon allo. Minti uku, huɗu. Sai ga sunan aikin ya dawo cikin jeri da kansa, ba wanda ya taɓa komai. Ɗaya daga cikin abokan aikina ya ja da baya yana salati. Isiyaka ya cire tabarau ya goge. A hanyar gida ya sa na tsaya ya sayi tsire na mutum goma, mu biyar ne a gidan har da Asma'u.

Ba a yi wata huɗu ba iska ta juya. Kuɗin mai ya ja baya, sojojin da ke mulki suka ce a tsuke bakin aljihu, aka kafa kwamiti a kowace ma'aikata don rage ma'aikata da sallamar 'yan kwangila na ƙasashen waje. Wanda aka turo mana wani Manjo ne, ba ɗan nan ba, mai magana a hankali. Ba mugu ba ne, ina so ku san wannan, don kada ku ɗora masa abin da ba nasa ba. Darakta ya kira ni ofishinsa kwana ɗaya kafin zuwansa ya rufe ƙofa.

"Umaru, ka'idar da anka ba su ita ta: baƙon da babu ɗan ƙasa da ka iya aikinai, a bar shi. Wanda akwai, shi tahi. Kai za a tambaya, don kai ad da shi kullum. Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ka san yadda za ka yi magana."

Na gane abin da yake nufi sarai. Na kuma san abin da bai faɗa ba: in Isiyaka ya tafi, kujerarsa tawa ce, da gidan ma'aikata da ke tafe da ita a wajen Gidan Dahala, da kwas ɗin da ake turawa waje wanda na daɗe ina mafarkinsa. Na koma gida na ci tuwo kwano ɗaya da shi, ban gaya masa komai ba. Na ce wa kaina ai ba sai na yanke shawara ba, in an tambaye ni zan san abin faɗa.

Washegari da hantsi Manjo ya zo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Ya roƙi Isiyaka ya ɗan jira a waje, ya zagaya injunan hannu a baya, ya ɗauki takardar safiya ya karanta har ƙasa. Ya tambaye ni wa ke haɗa wannan. Na ce injunan da kansu. Ya ɗaga gira. Sai na ji wani abu ya taso mini, irin na yaron da ya haddace allonsa yana so a saurare shi. Na zauna na kashe aikin ruwan sama a gabansa, muka jira, ya dawo. Na buɗe Uwar Tsari na canza layi ɗaya, na nuna masa yadda sauran biyun suka bi. Na yi bayani kamar ni na ƙirƙiro, ban ce ni ne ba, ban kuma ce ba ni ba ne.

"Abu ya yi kyau," in ji Manjo. Ya buɗe fayil ɗin hannunsa. "To tambaya ɗaya. In mutumin nan ba ya nan, aikin zai tsaya?"

Akwai amsoshi da yawa da duk gaskiya ne. Zan iya cewa Mai Gadi yana tayar da abin da ya faɗi ne kawai, bai san dalilin faɗuwarsa ba. Zan iya cewa wata huɗu kacal ke nan da fara shi, ba mu ga damina da shi ba. Zan iya cewa ban taɓa buɗe cikin faifai da hannuna ba. Duk suna bakina.

"Ba zai tsaya ba, ranka ya daɗe," na ce. "Suna duba kansu. Ni kuma na san tsarin."

Ya rubuta, ya gode mini, ya sa takalminsa ya fita. Ta gilashin ƙofa na ga ya miƙa wa Isiyaka hannu a baranda.

Takardar sallamar Isiyaka ta fito bayan sati biyu, an ba shi wata ɗaya. Ba shi kaɗai ba: biyu daga cikin masu duba ma an sallame su, tunda ba a bukatar mai tashi duk awa. Ɗayansu yana da 'ya'ya shida, ya koma noma a ƙauyensu, kuma har ya rasu in mun haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai ta baki. A gida, Inna ta yar da abin da ke hannunta ta ce a kai ta wajen Darakta, ta san gidan su matarsa.

"Mi yay yi masu? Wa anka tambaya kahin a yanke wanga hukunci? Kai, ba ka wurin?"

Na ce umarni ne daga sama. Isiyaka ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce wa Inna ta yi haƙuri, dama mahaifiyarsa ta tsufa, lokaci ya yi da zai koma ya gan ta.

Watan nan na ƙarshe bai huta ba. Ya sayi littafi mai kauri ya cika shi da duk abin da ya sani game da injunan uku, har da irin ƙarar da kowace ke yi in tana lafiya. Wata rana ya kwaso takardun safiya na sati huɗu ya jera su a ƙasa, daga ƙofa har bango, ya ce in zo in tsuguna.

"Mai Gadi na gaya maka abin da ya mutu," ya ce. "Abin da ke mutuwa sannu-sannu, ba ya gani, don kullum jiya da yau kusan ɗaya ne. Kai za ka gani. Kada ka karanta layin ƙasa kaɗai. Duk Juma'a ka jera su haka, ka bi lamba guda da ido daga farko zuwa ƙarshe."

Na ce to. Amma gaskiya rabin hankalina ne a wurin. A kwanakin nan ba na iya haɗa ido da shi, duk abin da ya faɗa so nake ya gama in tashi.

Na kai shi tasha da safe bayan an karya, zai hau motar Ikko. Inna ta ɗaure masa ƙullin fura da kilishi da wani zane saƙi na mahaifinta ta ce ya kai wa tsohuwarsa. Ba ta rako shi ko zaure ba, ta ce ƙafarta na ciwo, amma muna fita na ji ta fashe da kuka a ɗaki. A tasha, bayan an ɗaure kayansa a saman mota, muka tsaya a inuwar wata rumfa.

"An tambaye ka, ko?" in ji shi.

"An tambaye ni."

"Me ka ce?"

"Na ce suna duba kansu."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Na jira ya yi faɗa, da ya yi da na ji sauƙi.

"To ai gaskiya ka faɗa," ya ce. "Don haka muka yi shi." Ya mayar da tabarau. "Ka kula da Rima. Ka kula da Inna."

Ya shiga mota ya zauna ta ɓangaren da ba na ganinsa.

Na hau kujerar. Gidan ma'aikata na karɓi makulli amma Inna ta ce ba inda za ta, sai na mayar. Kwas kuwa an soke shi gaba ɗaya a shekarar. Abin da ya rage mini shi ne ɗakin sanyi, da gurnanin injuna, da kujera ɗaya babu kowa a kanta. Kowace safiya takarda na fitowa, in kai ido ƙasa in ga lafiya, in jefa ta a kwali. Ban jera su ko sau ɗaya ba. Jera su yana nufin in tsuguna a inda muka tsuguna tare, ni kuwa ba na so.

Wajen wata biyu da tafiyarsa masinja ya ajiye mini ambulan mai kan sarkin Gana. Na gane rubutun tun daga nesa. Na juya ta, na ɗaga ta a haske, na ji kaurinta. Na tabbata a raina cewa yanzu da ya yi nisa ya sami bakin faɗa mini abin da ya haɗiye a tasha. Na sa ta a aljihun tebur na ce sai na natsu. Gobe ta zama jibi, har aka yi sati shida.

Tsakiyar damina, wata Talata da rana, ƙararrawar baranda ta kama kaɗawa ba tsayawa. Na shiga na ji Rima tana wani ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Faifanta ya ci kansa. Mai Gadi ya yi ta ƙoƙarin tayar da ayyukan, suna faɗuwa, yana sake tayarwa. Da na ɗauko tef ɗin ajiya, na tarar na watannin baya-bayan nan duk sun kwafi bayanan da suka riga suka lalace. Awon zurfin ruwa na garuruwa masu yawa ya tafi. Sai da aka sake tura ma'aikata ƙauye-ƙauye suka auna daga farko, kuma garuruwan da ke kan layin samun rijiya a ranin nan suka ƙara shekara guda matansu na tafiya mai nisa da tulu. Ba a hukunta ni ba. An rubuta cewa injin ne ya tsufa.

Da yammacin ranar na zazzage kwalin na jera takardun a ƙasa. Lambar kurakuran karatu ta Rima tana hawa kaɗan-kaɗan tun kafin ya tafi, ko makaho ya bi ta da yatsa zai ji tudun. Sannan na buɗe aljihun tebur na yage ambulan.

Shafi uku ne. Babu zargi ko kalma ɗaya. Ya ce ya isa lafiya, tsohuwarsa ta rungume zanen Inna ta ƙi bari a taɓa. Ya ce a hanya ya yi ta tunanin wata lamba a layi na huɗu na takardar Rima da bai gamsu da ita ba, in duba, in tana hawa in canza faifan kafin ruwa ya sauka, akwai sabo a cikin kabad na ƙasa, ga yadda ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kada in ji tsoron buɗewa, hannuna ya fi nasa natsuwa. Shafin ƙarshe duka na Inna ne da mahaifiyarku, ya ce in karanta musu, in kuma aiko masa da hoton Asma'u in ta ƙara girma.

Na ɗauki alƙalami ya fi sau goma. Me zan rubuta? In ce masa wasiƙarsa ta iso da wuri ni ne ban buɗe ba? Na ce bari in gyara ɓarnar tukuna, in sami labari mai daɗi. Bayan shekara guda wasiƙa ta biyu ta zo, 'yar gajera, yana tambaya ko ta farko ta ɓata a hanya, yana cewa zai bar Kumasi ya bi wani aiki, in amsa da wuri kafin adireshin ya canza. Ita ma ban amsa ba. Daga nan shiru. Da girma ya zo mini na yi ta tambayar 'yan goro masu zuwa can. Wani ya ce ya ji ya koma Abijan, wani ya ce ya rasu, wani ya ce bai san shi ba.

Inna kuwa watanni ta yi tana tambaya. Da ta ji ƙarar Vespa a ƙofar gida sai ta ɗago kai. Ranar da Rima ta mutu na shigo bayan la'asar da shafuka ukun a aljihun rigata, tana zaune gindin darbejiya tana kaɗi.

"Kai, har yanzu babu takarda daga Isiyaka?"

"Babu, Inna."

Ta ci gaba da murza mazari.

"To, Allah shi tsare shi inda shike," in ji ta. "A buɗe ɗakin zaure a zuba gero."

Ba ta sake tambaya ba.

Wasiƙun biyu suna cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, a cikin littafinsa mai kauri. Asma'u, ke ce babba, kuma ke ce ya nemi hotonki. Ki tara 'yan'uwanki da 'ya'yanku a tsakar gida da rana, ki karanta musu da ƙarfi yadda na ɗaki ma zai ji. Ki fara da shafi na uku.